Tarin da Malam Badaru Ya Ji

Duk mai sallar asuba a masallacin layinmu nan Agege ya san Malam Badaru Ɗan'azumi ba ya zaman hira bayan sallama. Liman yana shafa addu'a, shi yana bakin ƙofa yana cusa ƙafa cikin takalmansa, dogayen takalman roba irin na 'yan kwata, waɗanda ko sabulu nawa aka ƙarar a kansu warin shanu ba ya fita. Zai leƙa gida, matarsa Kalsum ta miƙa masa koko, ya kurɓe a tsaye, ya saɓa jakarsa ya nufi tasha. Danfo ɗaya, bas ɗin hayar nan ta Legas, ta kai shi Sango, wata ta kai shi Owode, daga nan ya hau okada, wato acaɓa, zuwa wata ƙaramar mashiga a kan iyakarmu da ƙasar Benin. Tafiyar awa biyu da rabi ce idan hanya ta yi kyau, kuma duk mun san sau nawa hanyar nan take yin kyau. Haka ya yi ta yi shekara talatin da ɗaya. Sau biyu ana ba shi ɗaki a can yana cewa ya gode, wai shi haifaffen Agege ne, barci ba ya ɗaukarsa a inda ba ya jin wucewar jirgin ƙasa.

Aikinsa duba lafiyar dabbobin da ke shigowa ƙasa. Shanun da ake lodawa a tireloli daga Nijar da Burkina, su ratso Benin su zo kararmu, wato kasuwar shanu, daga kara su wuce kwata, daga kwata su faɗa tukunyarka da tawa, da yawansu ta gaban Malam Badaru suke bi. Ba wanda ya taɓa gode masa, don mutane ba sa godiya a kan cutar da ba ta zo ba. Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Yau ana yawo da sunansa a bakin shaguna da teburin masu shayi, ana cewa shi ya buɗe ƙofa ga ciwon da ya karya mutanen kara bara. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami.

Bari in fara da yadda yake aikinsa, don sai an san wannan za a gane sauran. Akwai ciwon huhu da ke kama shanu, mugun ciwo mai bin numfashi, saniya ɗaya ta shafa wa garke guda. Sharrinsa ba ya nuna kansa da wuri. Saniya tana tsaye cikin mota, a matse tsakanin 'yan'uwanta, sai ka rantse lafiyarta lau. Sai an sauke ta an kora ta, ta ɗan yi sassarfa, a nan za ka ga ta ja ta tsaya, ta miƙe wuya, ta ware ƙafafun gaba, ta saki wani ɗan busasshen tari ƙasa-ƙasa, kamar mai jin kunyar a ji. Wannan tarin Malam Badaru ya san shi tun kafin ya shiga makaranta, don mahaifinsa, marigayi Ɗan'azumi, mahauci ne, kuma ya sha nuna masa yadda huhun irin wannan saniyar ke mannewa a jikin haƙarƙari. Shi ya sa a wurinsa takarda ba ta isa shaida ba. A bayan ofishinsu akwai tudun ƙasa da tirela ke jingina bayanta a jiki, da wani shinge mai faɗi. Kowace mota sai an sauke shanunta kaf, a kora su su zaga shingen sau biyu, shi kuma yana tsaye a tsakiya, hula a ƙeya, ya karkata kunne.

Direbobi ba su ƙaunaci wannan ba ko kaɗan, har suka laƙaba masa suna Sauke-Mu-Gani. Sabi'u, direban tirela da ya shekara ashirin yana bin hanyar, ya ce min: "Wallahi mun zage shi da Hausa, mun zage shi da Yarabanci, 'yan Nijar suka ƙara masa da Faransanci. Ka kwaso gajiyar kwana uku, kana hango Legas, mutum ya ce maka sauke mu gani. Awa uku ta tafi ke nan! Amma ka san abin da ke kashe min jiki? Kana tsakiyar zaginsa za ka gan shi da bokiti yana cika wa shanunka komin ruwa. To da wane bakin za ka ci gaba?"

Mariamu, 'yar Filato ce, teburinta na duba hatsi da iri yana kusa da nasa shekara goma sha biyu. Ita ta ba ni labarin ragon. Wata shekara ana jajibirin Sallah, wani falke ya ɗaure rago a bayan ofis ya yi tafiyarsa, ya bar sallahu wai a ce wa Malam Badaru barka da Sallah. Malam bai kai ragon gida ba, bai kuma bar shi da yunwa ba. Mako biyar yana sayo masa dusa da harawa, har falken ya sake biyowa da wata motar, ya kwance ragon ya ɗora masa a kai. "Ragon ya yi ƙiba har mai shi bai gane shi ba," in ji Mariamu, tana dariya tana share ido. "Sannan ya ce masa, to yanzu sauke mu gani."

Kai ne, Malam, wanda rana ta gasa, ruwan damina ya daka, wani sa ya taɓa tsaga maka cinya da ƙaho ka ɗaure da rawanin wani direba ka ƙarasa sauraren sauran shanun kafin ka yarda a kai ka asibiti. Kunnen kara, mai gadin tukunyar talakawa. Mu muna nan muna cin tsire a bakin titi muna lasar yatsa, ba mu san akwai wanda ke tsaye a can dominmu ba.

Sai aka zo da garambawul. Daga can sama aka ce hukumomin da ke aiki a boda sun yi yawa, za a haɗe uku su zama ɗaya, har da ta su Malam Badaru. Ba wanda ya ƙi, don kowa ya san shingayen sun yi yawa. Amma gyaran gangar Abzinawa aka yi. Aka fara da allon ƙofa, aka sauya suna. Aka sauya launin kaki. Aka kawo kwamfutoci da sabon oga, aka ce daga yau mota ba za ta wuce minti ashirin a boda ba, direba ya miƙa takarda ta taga, a buga masa, ya wuce. Wata Talata Malam Badaru ya sauka daga okada ya tarar katafila ta baje tudun sauke shanu, an tumɓuke shingen, wai wurin ajiye motocin manya za a yi. Mariamu ta ce ya daɗe a tsaye yana kallo, ya cire hularsa, ya sake mayar da ita, ya shiga ofis.

Bayan mako biyu aka kafe jerin sunayen ma'aikata, kowa da sashen da aka tura shi. Malam Badaru ya bi da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake bi, babu shi. Ashe wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya tsara sabuwar hukumar ya tuna da masu duba kaya, ya tuna da masu duba hatsi da masu duba takardu, ya manta sam cewa dabbobi ma suna tsallako boda. Sashen gaba ɗaya aka tsallake. Malam ya je Ikeja, aka ce maganar Abuja ce. Ya rubuta wa Abuja, aka ce ana tantancewa, ya jira. Sau uku ana sa shi ya kai hoto da takardar haihuwa, har ya ce wa Kalsum shi dai iya saninsa sau ɗaya aka haife shi. Ba a kore shi ba, ba a kuma ce ga aikinsa ba. Kowa ya samu sabon kaki da sabon hatimi, shi yana nan da tsofaffinsa, masu ɗauke da sunan hukumar da aka ce ta mutu.

Abokan aikinsa biyu da abin ya shafa suka zauna a gida suna jiran kira, kuma ba wanda ya ga laifinsu. Shi kuwa kullum yana kan hanya, ya isa ya sa hannu a littafin halartar aiki, ya fita bakin titi. Wata safiya Kalsum ta riƙe kofin kokon ta ƙi miƙa masa.

"Malam, don Allah wa ya aike ka? Mutanen nan fa ba su san da kai ba."

"Shanu ba su san an yi garambawul ba, Kalsum. Suna nan suna shigowa."

"To idan wani abu ya same ka a can, wa za mu kama?"

Ya miƙa hannu. Ya karɓi kokonsa ya sha.

Tun da babu tudu, sai ya koma hawa mota. Mutum mai shekara hamsin da bakwai, yana kama ƙarfe yana ɗarewa saman tirela, ya bi ta kan katakan da aka gicciya, ƙahonin rahaji suna wuce ƙasan ƙafarsa, yana zungurar shanun da sanda su motsa, yana kasa kunne. Sababbin ma'aikata suna leƙe ta taga suna dariya, wai tsoho ya samu motsa jiki. Wata bakwai ya yi a haka.

Yanzu ga ranar da ake ƙarya a kanta. Saura mako bakwai Babbar Sallah, lokacin da fatake ke tara shanu a kara suna kiwata su kafin kasuwa ta buɗe. Ranar Laraba da hantsi tirelar Sabi'u ta iso boda da shanu talatin da biyu, kuma shanun na Alhaji Harisu ne. Wanda ba ɗan Agege ba ba zai san nauyin wannan sunan ba. Dattijo ne da ya doshi tamanin, babban maigidan fatake a kararmu, aminin marigayi Ɗan'azumi. Da mahaifin Badaru ya rasu, Alhaji Harisu ne ya riƙe shi, shi ya kama hannunsa ya kai shi makarantar koyon lafiyar dabbobi, shi ya nema masa auren Kalsum. Baba yake ce masa, kuma da furfurarsa da komai bai taɓa zama a kan kujera a gabansa ba.

Sabi'u ya ga Malam ya kama ƙarfe zai hau, ya ce, "Malam, na Baba ne fa."

"To shanun Baba ba su da huhu ne? Kashe min injin nan."

Ya hau. Sabi'u ya ce ya kai minti goma a sama yana zungura yana tsayawa, yana zungura yana tsayawa. Da ya sauko fuskarsa ta sauya. Uku ya ji, bunaji biyu da wani jan bijimi a can ƙuryar gaba. Ya zaro littafinsa, ya sa takardar kwafi a ƙasa, ya rubuta cewa a tsare motar a ware shanun, ya buga tsohon hatiminsa. Sabi'u bai san yadda zai yi ba, ya kira Alhaji ya miƙa wa Malam wayar. Ya ce abin da ba zai manta ba, Malam Badaru da ya ji muryar sai ya rusuna a bakin titi, waya a kunne, kamar dattijon yana gabansa.

"Badaru, ni ne."

"Na ji muryarka, Baba. Barka da hantsi. An tashi lafiya?"

"Lafiya ta ina, an ce ka tsare min dukiya a rana?"

"Baba, uku a ciki suna tari. Irin tarin nan ne da kuka sani, kai da marigayi."

"Gajiyar hanya ce. Shekara sittin ina harkar shanu, kai za ka koya min tari?"

"Allah ya huci zuciyarka, Baba, ban isa ba. Amma idan suka shiga kara suka haɗu da na mutane..."

"Ashe karatun da na kai ka, a kaina za ka gwada shi."

Alhaji ya kashe wayar. Amma Malam bai yaga takardar ba.

Motar ta wuce minti ashirin ɗinta, sai sabon oga ya fito yana tambayar wa ya tare hanya. Malam ya miƙa masa takardar. Ogan ya dubi hatimin, ya yi murmushi, ya ce da Turanci wannan hukumar ai babu ita, shi ma mai takardar a wane sashe yake?

"Oga, ni ban san sashena ba," in ji Malam Badaru, "amma na san tarin nan. Ka zo ka ji da kunnenka, minti biyar kawai."

Ogan ya dubi tirelar da fitsarin shanu ke ɗiga daga gefenta, ya dubi takalmansa masu sheƙi, bai matsa ba. Mariamu ta taso daga teburinta ta ce, "Oga, Allah ya sani mutumin nan bai taɓa tsare mota a banza ba." Ya ce kwamfuta ta nuna takardun motar daidai suke, shi kuma da kwamfuta aka ce ya yi aiki. Ya ninke takardar Malam ya sa a aljihu, ya ɗaga hannu, aka ɗage shinge. Sabi'u ya ce yana kallon Malam ta madubi, tsaye a tsakiyar titi da sandarsa, har kwana ta raba su.

A shekara talatin da ɗaya, ranar ce kawai Malam Badaru ya bar aiki kafin lokaci. Ya bi motar a okada da danfo, cunkoson Sango ya riƙe shi, bai iso Agege ba sai bayan la'asar. Ya tarar an riga an sauke shanun, sun shiga cikin na sauran fatake, suna shan ruwa a komi ɗaya.

A nan ne ya yi kuskuren da shi kansa yake kira nasa, kuma ba zan ɓoye shi ba, don bai ce in ɓoye ba. Da shanun wani ne, da a tsakiyar kara zai tsaya ya ɗaga murya, kowa ya ji, kowa ya janye dabbarsa. Amma ta yaya ɗa zai tsaya a kasuwa ya yi shelar cewa ubansa ya kawo cuta? Mu da muka tashi a nan mun san bakin ba ya buɗuwa. Sai ya juya ya nufi gidan Alhaji Harisu, ya cire takalmansa, ya zauna a ƙasa, su biyu kawai, ya roƙe shi don Allah don Annabi ya sa a ware shanun a yanka ukun nan tun yau. Dattijon ya ja carbinsa, ya ce, "Na ji. Zan sa a duba. Tashi ka je gida." Malam ya yi godiya ya tashi. Washegari ya so ya leƙa kara ya tabbatar, ya kasa, don bin diddigin maganar babba kamar ƙaryata shi ne. Ya koma boda yana gaya wa kansa Baba ya ce ya ji.

Ba a ware ko ɗaya ba.

Mako huɗu ba su cika ba tari ya tashi a kara ta ko'ina. Zakari mahauci, wanda ya shekara arba'in da wuƙa a hannu, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba: "Ka farke ciki ka ga huhu ya manne da haƙarƙari, sai ka sa wuƙa ka ɓamɓare. Goma a jere, wallahi, duk haka." Shanu suka rame, suka kwanta, ana ta rige-rigen yankawa kafin su mutu. Manyan fatake sun ji jiki amma sun tashi. Ƙananan ne ba su tashi ba. Talle, da ya yi shekara goma sha biyar yana tara shanunsa goma sha ɗaya, tara suka tafi, yanzu dakon tumatir yake yi a kasuwar Mile 12. Fatu mai tuwo a bakin kara, bazawara da ta sayi bijimi guda tana kiwonsa don ta sauya rufin ɗakin da ke yoyo a kan 'ya'yanta, ta zauna a gaban gawarsa ta ɗora hannu a ka. An yi Sallah a Agege bara, amma gidaje da yawa ba su ji ta ba.

Da maganar ta kai sama, aka kafa kwamiti. Ka ji ikon Allah! Hukumar da ta yi wata bakwai tana cewa ba ta san da Malam Badaru ba, a yini ɗaya ta gano shi. Suka buɗe littafin halartar aiki, suka ga a duk mashigar mutum ɗaya ne mai ilimin dabbobi ya sa hannu ranar, to shi ne. Abokansa da suka zauna a gida ba wanda ya kira su. Ogan ya ce shi bai tuna an ba shi wata takarda ba. Malam ya fito da kwafinsa, suka juya shi gaba da baya, suka ce hatimin ba na hukuma ba ne, saboda haka ba za su iya karɓarsa a matsayin shaida ba. Mariamu ta miƙe ta faɗi abin da ta gani, aka ce an gode, bayan wata guda aka mayar da ita wata boda can gabas. An bar jaki ana dukan taiki. Takarda ta fito cewa an yi wa Badaru Ɗan'azumi ritayar dole saboda sakaci da aiki, saura shekara uku ya ajiye da mutuncinsa.

Wannan bai karya shi ba kamar abin da ya tarar a gida. Mutanen unguwa sun haɗa lissafinsu: motar ta Alhaji Harisu ce, mai dubawa a boda ɗan riƙonsa ne, kuma a ranar da motar ta iso an ga Badaru ya shiga gidan Alhaji bayan la'asar ya daɗe. To me ya rage? Wai ya kau da kai don shanun Babansa ne, sannan ya je karɓar tukuici. Haba jama'a! Mutumin da ya kiwata rago mako biyar ya mayar wa mai shi? Amma wanda ya yi asara ba ya tuna labarin rago, wanda zai ɗora wa yake nema. Fatu ta daina amsa gaisuwar Kalsum. Talle ya haɗu da Malam a tashar danfo ya tofar da yawu ya wuce. Kalsum kuwa ta daina sayen nama a unguwa, sai ta hau mota har Iyana Ipaja inda ba a san ta ba.

Mutum ɗaya ne maganarsa za ta wanke shi a Agege, wato Alhaji Harisu, kuma kalma biyu daga bakinsa a kan Badaru sun isa: "Ya faɗa." Sabi'u a lokacin abincinsa a hannun Alhaji yake, ya ja bakinsa, kuma ya ce min har gobe yana jin kunyar hakan. Kalsum ta yi kuka ta ce Malam ya fito ya faɗi gaskiya a masallaci. Ya ce, "In tsaya a gaban jama'a in tona Baba? Ki bari, zai faɗa da kansa." Kowace Juma'a yana zuwa gaishe shi kamar yadda ya saba, ya zauna a ƙasa, a yi maganar zafi da ruwan sama, ya tashi. Ya yi ta jira, mako yana bin mako.

Cikin Rajab Alhaji Harisu ya kwanta ciwo. Malam Badaru ya je duba shi, ɗakin cike da 'ya'ya da fatake, duk wanda ya kamata ya ji yana wurin. Dattijon ya kama hannunsa ya riƙe, ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Badaru..." Kowa ya kasa kunne. Ya sake buɗe baki, ya rufe, sannan ya ce, "Ka gaishe min da Kalsum." Bayan kwana biyu ya rasu. Malam Badaru yana cikin waɗanda suka shiga kabari suka kwantar da shi, ya fito ƙasa duk a rigarsa yana share hawaye, ni da kunnena na ji wani a bayana yana cewa, "Ai dole ya yi kuka, rumbunsa ya rushe." Ban san lokacin da na juya ba, sai da aka riƙe ni.

Yau Malam yana gida. Bayan asuba yana ɗan zama a masallaci, tun da ba inda zai je, amma a gefe yake zama, kuma ba kowa ke miƙa masa hannu ba. Sashen duba dabbobi a waccan mashigar har yanzu ana tantance shi. Sabi'u ya ce yanzu minti takwas suke yi su wuce, ba mai hawa, ba mai saurare, kuma shi da ya fi kowa zagin Sauke-Mu-Gani, gabansa ne ke faɗuwa duk lokacin da aka ɗage masa shinge. Ban ga alamar za a gyara ba, ban kuma ga alamar za a sake buɗe maganar Malam ba. Kwamiti ya watse, oga ya samu ƙarin girma, wanda zai yi shaida yana ƙarƙashin ƙasa.

Saboda haka ba ni da abin ba ka, Malam, sai wannan. Kai ne ka je aikin da aka manta an ba ka, ranar da zama a gida ya fi maka alheri. Kai ne ka ce wa wanda ya raine ka a'a, kana rusune. Inda ka gaza, kunya ce ta kayar da kai, kuma kunyar nan mu muka koya maka ita, ba mu da bakin zaginka a kanta. Mun gode, a madadin duk wanda ya ci nama lafiya shekara talatin da ɗaya bai san dalili ba. Allah ya saka maka, ya wanke ka tun a nan duniya. Ku kuma matasanmu da ke shiga aikin gwamnati, ba zan yi muku ƙarya in ce wannan hanyar tana biya ba, ga yadda ta biya shi. Amma idan dukanku kuka zauna a bayan taga, to mu shirya ganin abin da ya fi na bara. Ku hau mota ku saurara, kuma idan kun ji, ku faɗa a inda kowa zai ji, ko na waye. Mu kuma mutanen Agege, gobe da asuba yana nan a gefen masallaci, hannu ba ya ƙarewa don an miƙa shi.

Kafin in rubuta wannan sai da na je na nemi izininsa. Ya ce wa zai karanta, kuma ko an karanta me zai dawo wa Talle da Fatu da shi? Na ce ba abin da zai dawo. Ya gyaɗa kai.

"To kada ka zagi Baba," in ji shi. "Ya yi min abin da uba ke yi, Allah ya jiƙansa. Ka rubuta dai cewa na hau motar. Jikokina za su girma a unguwar nan."

Ga shi na rubuta, Malam. Ka hau motar.